Sabon Gini da Tsohon Hali: Sauyin Tsarin Aiki a Ofisoshin Gwamnati na Karkarar Arewacin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Ɗambatta, ko wadda ta nufi Bichi, ko ta Minjibir, zai ga ƙasa wadda kusan babu wani fili a cikinta da ya zauna banza. Gona tana manne da gona, gari yana hango gari, kuma gawo da ɗorawa da kuka suna tsaye a tsakiyar shuka, kowace bishiya da mai ita. Tun a 1965 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa suka wallafa nazari a kan wannan yanki da ya kewaye birnin Kano, inda suka nuna cewa saboda yawan jama'a ana noma gonakin kowace shekara ba hutu, kuma taki da dabbobi da aikin hannu su ne suke riƙe da ƙarfin ƙasar. Manomin da yake zaune a irin wannan wuri ba shi da dajin da zai faɗa ya sari sabuwar gona idan al'amari ya ɓaci. Abin da ya gada shi ne abin da yake da shi, sabili da haka takardar gonarsa, da buhun takin zamaninsa, da shawarar malamin gona, duk abubuwa ne da suka shafi tuwon gidansa kai tsaye.

Wannan ne ya sa ofishin gwamnati a karkarar arewacin Kano yake da nauyin da ya fi girman gininsa. Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, an sha sauya tsarin waɗannan ofisoshi, an sauya musu suna, an yi musu sababbin gine-gine, amma sau da yawa ba a kula da yadda za a ɗauki ma'aikaci da talaka a haye da su daga tsohon tsari zuwa sabo ba. Sauyi aiki ne mai zaman kansa, yana da nasa ladabi da nasa lokaci, kuma rashin ba shi haƙƙinsa shi ne babban dalilin da ya sa gyare-gyare masu kyau a takarda suke tsufa tun ba su fara aiki ba.

Yadda ofis ya zo karkara

Kafin zuwan Turawa a 1903, yawancin hakiman Kano a birni suke zaune, jakadunsu ne suke kai da komo tsakaninsu da garuruwan da suke riƙe da su. Wajen 1907 zuwa 1908, a zamanin Sarki Abbas, Razdan Cargill ya sa aka harhaɗa garuruwa aka yi gundumomi, aka kuma umarci hakimai su fita su zauna a ƙasashensu. Daga wannan tsari ne a ƙarshe Ɗambatta ta zama mazaunin Sarkin Bai, Dawakin Tofa kuma ta zama mazaunin Madaki. Zauren hakimi shi ne ofishin farko da talakan karkara ya sani. A nan malamin hakimi yake zaune da littattafansa, a nan ake ƙidayar masu biyan haraji da shanun jangali, kuma daga nan ake kai kuɗi Baitulmali. A daidai wannan zamani aka shigo da awon gonaki da ake kira taki, inda malaman taki suke bin gona suna ƙirga tsawonta da faɗinta da sawu domin a yanka mata haraji.

Ba wanda zai ce wannan tsari na En'e ya kuɓuta daga zalunci. Labarin duka a kan haraji, da aikin tilas, da gaisuwar da take canza hukunci, sananne ne, kuma a kansa jam'iyyar NEPU ta kafu a 1950. Amma duk da haka akwai abu guda da tsarin ya mallaka, watau kowa ya san ƙofar da zai bi. Mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai birni. Littafin harajin da ake sabuntawa kowace shekara, ko da yake don karɓa aka yi shi, ya zama rijistar magidanta ta kowane gari.

Sauye-sauye a jere

Bayan an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, an raba En'e da manyan ƙafafunta. Kotunan alƙalai suka koma hannun gwamnati a 1968, haka kuma 'yan doka da gidajen yari suka fita daga hannun sarakuna. A 1976 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kawo gyaran ƙananan hukumomi na ƙasa baki ɗaya, wanda ya ba su tsari iri ɗaya daga Legas har Kano, ya mayar da su hawa na uku na mulki, ya kuma koma da sarakuna majalisun ba da shawara. Jihar Kano ta wancan lokaci, wadda ta haɗa da Jigawa ta yanzu, an raba ta ƙananan hukumomi 20. A 1978 dokar mallakar ƙasa ta ɗora alhakin ba da takardar mallakar gonakin karkara a wuyan ƙananan hukumomi. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. A 1984 aka naɗa kwamitin Alhaji Ibrahim Dasuƙi ya sake duba sha'anin ƙananan hukumomi. Daga nan kuma aka yi ta yanka sababbi, aka fitar da Makoɗa daga Ɗambatta, Tofa daga Dawakin Tofa, Gabasawa daga Gezawa, har adadin ya kai 44 a Jihar Kano kaɗai, bayan ma an cire Jigawa a 1991.

Idan aka lissafa, mutumin da ya shiga aikin En'e yana saurayi a 1965 ya yi ritaya ne bayan ya ga an sauya masa ubangida da sunan ofis da hanyar aiki sau da dama. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye yana da hujjarsa, wasu ma alheri ne bayyananne. Soke haraji, alal misali, ya sauke wa talaka kayan da ya daɗe yana nishi a ƙarƙashinsa. Amma tambayar da ta kamata a yi a wancan lokaci ita ce, idan an daina ƙidayar haraji, wace rijista ce za ta gaje ta, kuma wane aiki za a ba malaman da suka ƙware wajen riƙe ta? Haka nan idan an yanka sabuwar ƙaramar hukuma, tilas a raba ma'aikata, a raba motoci, a raba fayiloli, kuma fayil abu ne da ba ya son yawan hijira. Takardar da ta ɓace a irin wannan rabo, wata rana ita ce za a nema a gaban alƙali idan magada sun yi jayayya a kan iyakar gona, kuma a ƙasar da gona take da tsada kamar wannan, jayayyar iyaka ba ƙaramin abu ba ce.

Darasin Udoji da na kora

Akwai misalai biyu daga tarihin aikin gwamnati a Nijeriya waɗanda suka isa su zama madubi. Na farko shi ne hukumar Cif Jerome Udoji, wadda aka kafa a 1972, ta miƙa rahotonta a 1974. Gundarin rahoton shi ne a sauya yadda ake aiki, a riƙa sa wa kowace ma'aikata manufa, a riƙa auna ma'aikaci da abin da ya cim ma. Ƙarin albashi wani ɓangare ne kawai na shawarwarin. Amma da aka zo zartarwa, ƙarin albashin da ariyas ɗinsa su aka gaggauta biya, sauran kuwa aka yi musu riƙon sakainar kashi. Har yau idan dattijo ya ambaci Udoji, kuɗin da aka sayi babur da rediyo da su yake nufi. An ɗauki mai sauƙi an bar mai wuya, domin biyan kuɗi aikin wata guda ne, canza hali kuwa aikin shekaru ne.

Misali na biyu shi ne korar ma'aikata ta 1975, a zamanin Janar Murtala Muhammed, inda aka sallami kimanin mutum 10,000 cikin 'yan watanni. Jama'a sun yi murna, kuma babu shakka akwai waɗanda suka cancanci abin da ya same su. Amma waɗanda suka tsira sun koyi wani darasi dabam, watau cewa kujera ba ta da tabbas, don haka mai hankali ya tanadi abin da zai ci idan an kore shi, kuma kada ya sa hannu a kan abin da zai iya jawo masa magana. Haka kuma Yaƙi da Rashin Ɗa'a na 1984 ya sa ma'aikata sammakon zuwa ofis don tsoron soja, amma da aka janye bulalar sai al'ada ta koma inda take. Tsoro yana iya kawo mutum ofis ƙarfe bakwai da rabi, amma ba ya koya masa abin da zai yi idan ya zauna.

Inda aka gwada yin abin da ya dace

Domin kada a ce babu inda aka taɓa dacewa, ya kamata a ambaci Hukumar Raya Aikin Gona da Karkara ta Jihar Kano, watau KNARDA, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980 da rancen Bankin Duniya, bayan gwajin da aka yi a Funtuwa da Gusau da Gombe tun daga 1975. An raba jihar shiyya-shiyya, kuma Ɗambatta ta zama hedkwatar ɗaya daga cikinsu. Tsarin da aka bi wajen aikin malaman gona shi ne na horo da ziyara. Malamin gona yana da ranakun da aka ƙayyade masa na zuwa kowane rukunin manoma, kuma duk mako biyu yana komawa a ƙara masa sani a kan aikin da ya dace da wannan lokaci na damina. An ba shi abin hawa, an kuma sa mai duba shi.

Abin lura a nan shi ne, an gaya wa ma'aikaci abin da ake so ya yi, an koya masa, an ba shi kayan aiki, sa'an nan manomi ya san ranar da zai gan shi. Waɗannan su ne ginshiƙan kowane sauyi mai ɗorewa. Raunin tsarin kuwa shi ne tsadarsa, da dogaronsa ga kuɗin waje. Da rancen ya ƙare, ɗaukar nauyin man babur da horo ya zama wahala, kamar yadda ya faru ga irin waɗannan hukumomi a jihohi da yawa. Wannan ma darasi ne, domin wanda zai kawo sauyi wajibi ne ya lissafa abin da zai ciyar da shi bayan an watse daga bikin buɗewa.

Hujjar masu sukar wannan ra'ayi

Wani zai ce duk wannan dogon bayani ne, matsalar ƙananan hukumomi kuɗi ce kurum. Hujjarsa tana da ƙarfi. Tsarin mulki na 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, kuma an daɗe ana kukan cewa ta wannan asusu ne jihohi suke riƙe rabon ƙananan hukumomi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kuɗinsu kai tsaye. Ofishin da ba shi da kuɗin sayen takarda ba za a zarge shi da rashin rubutu ba.

Amma tarihin Udoji ya riga ya ba da amsa. Kuɗi sun zo a 1975 fiye da yadda aka taɓa gani, aiki kuwa bai sauya ba. Idan kuɗin ƙananan hukumomi suka sauka a kan ma'ajin da ba a horar ba, da rijistar da gara ta cinye, da majalisar da ba ta saba ba da bayani ga kowa ba, to abin da zai ƙaru shi ne yawan abin da zai salwanta. Hasali ma hukuncin 2024 shi kansa wani sabon sauyi ne, kuma yana bukatar shiri irin wanda aka hana magabatansa.

Wani kuma zai ce ma'aikacin karkara ba ya son sauyi, ya fi son ya zo ranar albashi ya koma gonarsa ko ya koma birni. Akwai gaskiya a cikin wannan zargi, domin ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu ma'aikatan ƙananan hukumomin da suke kusa da Kano a birni suke kwana. Sai dai ya kamata a tambayi dalilin ƙin. Mutumin da aka sauya wa tsari sau biyar ba a taɓa tambayarsa ba, ya koyi cewa kowane sabon tsari baƙo ne, raɓa ce, gobe zai wuce. Abin da ake kira taurin kai sau da yawa ƙwarewa ce a kan jiran abin da ya san ba zai daɗe ba.

Abin da ya kamata a yi

Abu na farko shi ne shawara kafin umarni. Akawun da ya shekara ashirin a rijista, da masinjan da ya san inda kowane fayil yake kwana, da malamin duba-gari, da malamar asibiti, sun san inda aiki yake tsayawa fiye da wanda ya rubuta sanarwa a Sakatariyar Audu Baƙo. Idan an zauna da su tun farko, za su nuna ramukan da ke kan hanya, kuma tsarin da mutum ya sa baki a cikinsa ba ya yi masa zagon ƙasa. Haka nan dagatai da masu unguwanni, waɗanda har yanzu su talaka yake fara zuwa wa, bai kamata su ji labarin sabon tsari a rediyo ba.

Abu na biyu shi ne lura da kalandar manomi. Daga saukar ruwan shuka wajen Yuni har zuwa girbin dawa, manomin wannan yanki ba shi da yinin da zai ɓatar a bakin ofis, kuma takin da ya iso bayan gero ya yi bununi ba shi da sauran amfani a wannan shekara. Sabili da haka canjin wuraren aiki, da tantance ma'aikata, da ƙaura zuwa sabon gini, da gwajin sabuwar hanyar rajista, duk ayyukan rani ne. Ko a rani ma sai an tuna cewa magidanta da yawa suna tafiya ci-rani, don haka rajistar da aka yi cikin mako guda za ta tsallake su. Ranar kasuwa, kamar Lahadi a Ɗambatta, ita ce ranar da mutanen ƙauyuka suke shigowa gari, kuma ba laifi ba ne a ajiye tebur guda na karɓar koke da ba da sanarwa a irin wannan rana, ko da ta faɗo a hutun mako.

Abu na uku shi ne ɗakin ajiyar takardu. Idan za a gina sabuwar sakatariya, hankali yakan tafi ga ofishin ciyaman da labulensa, a bar rijista a wani lungu mai yoyo. Kamata ya yi a fara da ita, a yi mata kanta ta ƙarfe, a tsare ta daga gara da ruwa, a kuma wajabta wa duk wanda aka canja wa wurin aiki ya bar rubutaccen bayanin miƙa aiki. Kwamfuta tana da amfani ƙwarai, amma tana bukatar wuta, ko ta rana ce, da mai gyara, da ma'aikacin da aka horar. Shirin rabon taki ta wayar salula da gwamnatin tarayya ta fara a 2012 ya nuna cewa na'ura tana iya rage hannayen da suke tsakanin gwamnati da manomi, ya kuma nuna cewa wanda ba shi da waya, ko sunansa bai shiga rajista daidai ba, yana iya tashi hannu rabbana. Rijistar da take a hargitse a takarda, idan an zuba ta a kwamfuta, a hargitse za ta fito.

Abu na huɗu shi ne fasalin ofishin kansa. Zauren hakimi, duk da abin da aka sani game da shi, yana da inuwa da wurin zama. Ofishin zamani ma yana bukatar rumfar jira, da randar ruwa, da makewayi, da wurin da mace za ta zauna ba tare da ta kutsa cikin maza ba. Yana bukatar allo a bakin ƙofa mai bayyana irin ayyukan da ake yi, da kuɗin kowanne, da kwanakin da zai ɗauka. Irin wannan allo ba ya cin kuɗi mai yawa, amma yana rage kasuwar masu cewa a kawo na goro.

Abu na biyar shi ne harshe, kuma nan ne sha'anin ya shafi masu nazarin Hausa. Jama'ar wannan yanki da Hausa suke magana, da yawansu kuma ajami suke karantawa, amma fom da sanarwa da takardar mallaka da Ingilishi ake rubuta su. En'e ta gudanar da yawancin aikinta na gunduma da Hausa, kuma tun a shekarun 1950 Hukumar Hausa ta yi aikin daidaita kalmomi. Babu dalilin da zai hana a ci gaba daga nan. Ɗaliban sassan Hausa na jami'o'i suna iya fassara waɗannan takardu, su samar da kalmomin ofis waɗanda manomi zai gane, su kuma tattara tarihin aiki daga bakin tsofaffin ma'aikatan En'e da suka rage, tun kafin ƙasa ta rufe idanunsu.

Kammalawa

Daga fitar hakimai zuwa gundumomi a farkon ƙarni na 20 har zuwa hukuncin Kotun Ƙoli na 2024, ofishin gwamnati a karkarar arewacin Kano ya ga sauyi iri-iri, kuma zai ga wasu a gaba. Ma'aunin da ya dace a auna kowannensu da shi ɗaya ne, watau manomin da ya taso daga ƙauyensa na ƙasar Bichi ko Makoɗa ko Minjibir da bukata a hannu. Sau nawa zai zo kafin a biya masa ita, nawa zai kashe, kuma ya fahimci takardar da ya dangwala wa hannu ko bai fahimta ba? Idan shekara ta zagayo aka ga zuwansa ya ragu daga biyar zuwa biyu, to sauyin ya yi amfani, ko da ginin tsoho ne. Alhakin wannan yana wuyan shugabannin ƙananan hukumomi, da hukumar da take kula da ma'aikatansu, da ma'aikatar da take sa ido a kansu a Kano. Allah ya ba su ikon fara shawara kafin su fara gini, amin.